Waƙoƙin Baka na Matan Larabawa Makiyaya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin Imru'ul Ƙaisi da Antara da sauran mazan da suka yi fice a waƙar Larabawa. Matan da suka zauna cikin tantuna ɗaya da waɗannan maza, suka kaɗa nono, suka saƙa gashin awaki, suka yi ta waƙa bakinsu bai huta ba, su ne ba a cika ambata ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kansu, na amsa gwargwadon yadda kowace ta cancanta.

Su wane ne Badawi, kuma wace irin waƙa ake magana a kai?

Badawi su ne Larabawa makiyaya, mutanen raƙumi da tumaki da awaki, waɗanda malamanmu na tafsiri ke kira Larabawan ƙauye. Sunan ya fito ne daga kalmar badiya, wato fili ko daji, kishiyar birni. Suna nan a Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha, da Jodan da Siriya da Iraƙi, da hamadar Sina'i da ta Naƙab, suka miƙe ta arewacin Afirka har Muritaniya. Yawancinsu yanzu sun zauna a gidajen bulo, amma dangantaka da al'ada da harshe suna nan.

Waƙar da muke nufi ita ce wadda mace ke ƙirƙira da ka, ta rera ko ta faɗa da baki, wata ta ji ta haddace. Babu alƙalami, babu allo. Akwai ta raino, ta niƙa, ta biki, ta makoki, ta zuga mayaƙa, da ta soyayya, wadda ita ce ta fi ɗaure wa baƙi kai.

Mutanen da aka sani da tsananin kunya, ta yaya matansu za su yi waƙar soyayya?

Wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta, don haka bari in daɗe a nan.

A hamadar yammacin Masar, daga bayan Iskandariya zuwa Marsa Matruh har iyakar Libiya, akwai ƙabilar Aulad Ali. Wata mai nazarin al'adu, Lila Abu-Lughod, ta zauna a gidan wani dattijonsu daga 1978 zuwa 1980. Mahaifinta Bafalasɗine ne, shi ya raka ta da kansa ya damƙa ta a hannunsu, saboda haka suka ɗauke ta kamar ɗiyar gida, ta zauna cikin mata, ta ji abin da baƙo namiji ba zai taɓa ji ba. Littafin da ta fitar a 1986 shi ne ya sa duniya ta san waƙar da suke kira ginnawa, ma'ana 'yar ƙaramar waƙa.

Abin da ta tarar shi ne mutane masu riƙe kai matuƙa. Suna da wata ɗabi'a da suke kira hasham, wadda in ka ce kunya ko kawaici ba ka yi nisa ba. Mace ba ta nuna tana son mijinta a gaban mutane. Idan ya yi tafiya ba ta ce ta yi kewa. Idan ya yi mata kishiya, ko ya sake ta, abin da za a ji a bakinta shi ne faɗa, ko ta ɗage kafaɗa ta ce dama can ba ta damu da shi ba. Wanda ya nuna rauni a fili ya zubar da girman gidansu. Amma wannan macen da ta ce ko a jikinta, bayan kwana biyu tana zaune cikin 'yan uwanta mata, ana shan shayi ana hira, sai ta saki ginnawa ɗaya mai cike da ƙuna da kewa. Matan da ke wurin su yi tsit, wata ta share hawaye. Ba mai ce mata ta yi ƙarya jiya, ba kuma mai ce mata ta yi abin kunya yau.

Ga dalilin da ya sa haka ke yiwuwa. Na farko, waƙar tana da tsohon salo da kalmomin da kowa ya gada, saboda haka mai yin ta tana fakewa a bayan gadon kakanni. Ba ta ambaci sunan kowa ba. In an matsa mata, sai ta ce waƙa ce kawai. Na biyu, ba a gaban kowa ake yin ta ba. Na uku, kuma wannan ne ya fi taɓa ni, waƙar tana ƙara wa mace daraja ne maimakon ta rage. Wadda aka ji zafin da ke cikinta ta hanyar ginnawa, sannan aka ga yadda take danne shi a gaban jama'a, an san haƙurinta ba na rashin zuciya ba ne. Dutse ba a yaba masa don bai yi kuka ba. Wanda ake yaba wa shi ne mai hawaye a ido da ya hana su zuba.

Yaya tsarin ginnawa yake?

Gajera ce ƙwarai. Ɗango ɗaya ne mai kimanin gaɓa 15, wanda ake iya raba shi gida biyu. A hira ana faɗinta ne kai tsaye, cikin numfashi ɗaya ko biyu. Amma in za a rera ta, sai a juya ta: mai rerawa ta fara da kalmomin ƙarshe, ta yi ta maimaita su tana jan murya, ta koma baya kaɗan ta ƙaro wata kalma, sai can daga ƙarshe ta kawo farkon ɗangon. Mai sauraro yana rataye, yana jiran kalmar da za ta buɗe masa ma'ana. Abin da za a karanta cikin daƙiƙa biyar yakan ɗauki mintoci ana rera shi.

Kalmominta kaɗan ne, suna ta dawowa. Ido yana tsayawa a madadin mutum kansa, mai waƙa ta ce ido ya yi kaza alhali kanta take nufi. Akwai aziz, abin ƙauna da ba a faɗin sunansa. Akwai yanke ƙauna, wanda ake magana da shi kamar wani mutum mai zuwa ya zauna ya ƙi tashi. Akwai haƙuri, da wuta, da miki mai warkewa ya sake tashi, da shukar da ba ta sami ruwa ba. A gabashin Libiya, inda asalin Aulad Ali yake, ana kiranta ginnawat al-alam, kuma har gobe ana ji da ita.

Saboda gajartarta, ba ta fahimtuwa sai an san wa ya faɗe ta da halin da take ciki. Ɗango ɗaya zai iya zama kukan matar da aka saka, ko na uwar da ɗanta ya tafi aiki Libiya, ko na wadda ƙawarta ta yi aure nesa. Shi ya sa in aka karanta wa matan Aulad Ali wata ginnawa, tambayarsu ta farko ita ce wa ya faɗe ta.

To wanne ne gaskiyar zuciyarta, abin da ta faɗa a fili ko abin da ta rera?

Duka biyun. Kuskuren da baƙi ke yi shi ne su ɗauka kunyar rufa-rufa ce, waƙar ce kaɗai gaskiya. Macen da ta ce ba ta damu ba tana faɗin gaskiyar irin mutumin da take son zama, 'yar gidan mutunci wadda ba a ganin lagonta. Da ta rera ginnawa kuma tana faɗin gaskiyar abin da ke cin ta. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wa zai ce ba ta son sa?

A gaban wa ake yin ta, kuma a wane lokaci?

A gaban wanda ba a jin nauyinsa: 'yan uwa mata, ƙawaye, maƙwabta, wani lokaci yara. Ba a yin ta gaban uba ko baffa ko suruki ko wani dattijo. In namiji babba ya shigo, magana ta mutu. Maza ma suna da tasu, suna yi tsakanin sa'o'insu da lokacin sausayar tumaki, su ma ba sa yi gaban iyayensu. Wurin da ake rera ta a bainar jama'a shi ne biki da kaciya, inda mata ke yin gasa, dangin ango su yaba nasu, dangin amarya su mayar.

Sauran waƙoƙin kuwa aiki ne ke kiran su. Akwai ta bakin dutsen niƙa, wadda a Libiya take da suna nata na kanta, akwai ta jijjiga salkar nono, akwai ta lallashin jariri. A Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai tagruda, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2012. An fi saninta a bakin maza bisa raƙuma, amma mata ma suna tsara ta suna rerawa idan sun taru kan aikin gayya.

Tun yaushe matan Larabawa makiyaya ke waƙa?

Tun kafin Musulunci. Wadda ta fi kowa suna ita ce Khansa'u, sunanta na yanka Tumadir bint Amr, daga ƙabilar Banu Sulaim. An kashe 'yan uwanta biyu, Mu'awiya da Sakhr, ta shafe shekaru tana yi musu marsiyya, musamman Sakhr, har ta zama ma'aunin da ake gwada duk wani mai waƙar makoki da shi. Ta kai waƙarta kasuwar Ukaz inda manyan mawaƙa ke baje kolinsu, ta riski Musulunci ta musulunta. Wani abin sha'awa, Aulad Ali na cikin ƙabilun da ke danganta kansu da Banu Sulaim, waɗanda suka ƙaura zuwa arewacin Afirka tare da Banu Hilal a ƙarni na 11. Bayan Khansa'u akwai Laila al-Akhyaliyya a zamanin Banu Umayya, wadda ta yi wa Tauba marsiyya, mutumin da ya so ta aka hana shi.

Sai wadda ɗaliban nahawu a zaurukanmu suka sani ko da ba su riƙe sunanta ba: Maisun bint Bahdal ta ƙabilar Kalb, matar Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, mahaifiyar Yazidu. An kawo ta Dimashƙa daga daji, aka sa ta a gidan sarauta. A baitocin da ake jingina mata, ta ce tantin da iska ke kaɗawa ya fi mata dogon bene, abaya mai kaushi tare da kwanciyar rai ta fi mata tufafi masu shara-shara, ɗan ɓallin gurasa a gefen tantinta ya fi mata curi guda, kukan iska a kwazazzabo ya fi mata kiɗan bandiri, kare mai haushin baƙin dare ya fi mata kyanwar gida. Baitin abayar nan shi malaman nahawu ke kafa hujja da shi kan fi'ilin da ke karɓar nasabu da ɓoyayyiyar "an" bayan wawun. Dubban ɗalibai sun haddace shi don ƙa'idar i'irabi, kaɗan ne suka tsaya suka ji cewa kewar gida ce wata mace ke yi.

Amma ai Larabcin waɗannan matan na yanzu ba na littafi ba ne. Ana iya kiran abin nasu waƙa ta gaske?

An yi wannan gardama tun da daɗewa, kuma malamin tarihi Ibn Khaldun ya raba ta a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377. Malaman birni na zamaninsa suna raina waƙar makiyaya saboda ta zubar da wasulan ƙarshen kalma. Shi kuwa ya ce balaga ba ruwanta da i'irabi, balaga ita ce magana ta dace da abin da ake nufi da halin da ake ciki. Cikin misalan da ya kawo har da waƙar wata mace Badawiya daga yankin Hauran a ƙasar Sham, wadda aka kashe mijinta, ta aika wa abokan ƙawancensa na ƙabilar Ƙaisu baitoci tana zuga su su ɗaukar masa fansa. Sunanta bai zo ba, amma waƙarta ta yi shekara fiye da 600 tana nan.

A yankin Larabawa ana kiran wannan waƙa ta harshen makiyaya Nabaɗi. Tana da karinta, tana da amsa-amo mai tsauri, sau da yawa ma biyu: rabin farko na kowane baiti da nasa, rabin ƙarshe da nasa, a bi su har ƙarshen waƙa. Macen da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana riƙe wannan duka da kunne. Wanda ya taɓa gwada tsara ƙwar biyu da Hausa ya san ba wasa ba ne.

Akwai waɗanda aka san sunayensu a ƙarnonin baya-bayan nan?

Akwai, kuma da yawa daga abin da ya tsira albarkacin mutum ɗaya ne, Abdullahi ibn Raddas na Saudiyya, wanda ya bi ƙabilu yana tambaya yana rubutawa, ya fitar da tarin waƙoƙin matan daji a ƙarshen shekarun 1960. A kan wannan tari ne wata mai bincike, Munira al-Ghadir, ta gina nazarinta da ya fito a 2009.

Biyu daga cikinsu sun fi zauna mini a rai. Ta farko Nura al-Haushan ta ƙasar Najdu. Mijinta ya sake ta, saki ya cika, babu kome. Wata rana ta bi ta gefen gonarsa, ta tsaya ta yi 'yan baitoci tana ce wa idonta ya zubar da hawaye, ga gonar masoyi nan, jiya nata ne, yau ko sallama ta yi wuya. Ta rufe da cewa wanda ke son ta zuciya ta ƙi shi, wanda take so kuma rabo ya ƙi kawo shi. Wannan baitin na ƙarshe ya zama karin magana a ƙasashen Larabawa, mutane da yawa na faɗinsa ba su san daga bakin bazawara ya fito ba.

Ta biyu Bakhut al-Marriyya, daga ƙabilar Al Murra, makiyayan raƙuma na gefen hamadar Rub'ul Khali. Ta rayu a ƙarni na 20, lokacin da man fetur ya fara sauya komai. Kamar Maisun shekara 1,300 kafin ta, ita ma ta yi begen tantin gashi bayan an zaunar da ita a gidan ƙasa, ta yi begen ganin fararen taguwoyi sun bazu a fili. Amma ba ta tsaya a tsohon zance ba. A wata waƙar ta kwatanta gurnanin zuciyarta da na babbar motar Mack idan direba ya sauya giya. Mawaƙan da sun saba kwatanta kewa da kukan taguwar da ta rasa ɗanta. Ita ta ji injin da ke ratsa hamadarsu, ta ce wannan ma kukan ne. A ganina a nan ake gane mawaƙiya ta gaske, ba ta jiran a ba ta izini kafin ta sa sabon abu a tsohon kari.

Soyayya da kuka kaɗai suke waƙa a kai?

A'a. Harshen mace makami ne a wurin makiyaya, kuma maza suna tsoron sa. A zamanin hare-hare tsakanin ƙabilu, wasu kamar Ruwala sukan ɗora budurwa 'yar babban gida a darbuka bisa raƙumi, ta shiga fagen fama tana kiran mazaje da sunansu tana zuga su. Wanda ya gudu ya bar ta ya san abin da zai bi shi har kabari.

Wannan al'ada tana da rai a kusa da mu. A Darfur da Kordofan na Sudan, cikin Larabawa makiyayan shanu da na raƙuma, akwai macen da ake kira hakkama. Ita ke yabon jarumi da mai kyauta, ita ke yi wa matsoraci da marowaci zambo, kuma waƙarta na iya sa namiji ya bar garinsu don kunya. Hausawan da ke zaune a Sudan sun san su. Dole a faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi: a rikicin Darfur da ya ɓarke a 2003 an zargi wasu hakkamomi da rura wuta, da tura samari su kashe ko a kashe su. Daga baya ƙungiyoyin sulhu suka nemi su da kansu, suka roƙe su su juya waƙar zuwa kiran zaman lafiya, wasu kuma suka amsa. Ba don muryarsu na da nauyi ba, da ba wanda zai je neman su.

A can yamma kuma, cikin masu jin Larabcin Hasaniyya a Muritaniya da Yammacin Sahara, akwai tabra, waƙar 'yan mata zalla. Ɗango biyu ne gajeru masu amsa-amo ɗaya, kusan kullum kan soyayya, kuma ƙa'idarta ita ce ba a san wadda ta yi ta ba. Tana yawo daga baki zuwa baki har ta isa kunnen wanda aka yi dominsa.

Ina matsayin addini a nan?

Malamai sun bambanta marsiyya da kururuwar makoki. Marin fuska, yaga tufafi da ihu kan mamaci an hana su a hadisai ingantattu, kuma a wurare da dama wa'azi ya rage irin wannan kuka na al'ada. Amma ambaton alherin mamaci da bayyana baƙin ciki cikin waƙa abu ne da aka sani tun zamanin sahabbai, kuma littattafan tarihin sahabbai sun kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurari waƙar Khansa'u. Mu ma nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi marsiyyoyi da yawa. Game da waƙar soyayya kuwa, matan da kansu suna da iyakarsu: ba suna, ba batsa, ba a gaban wanda bai dace ba. Wanda ke neman hukunci kan wani yanayi na musamman sai ya tambayi malaminsa.

Wannan bai yi kama da waƙar niƙa da ta daɓe ta matan Hausawa ba?

Ya yi, kuma kamar ba ta tsaya a sama-sama ba. Na tashi na tarar da kakata tana niƙa da asuba, tana waƙa ƙasa-ƙasa, dutse na amsa mata. Ina yaro na ɗauka don aikin ya yi sauƙi take yi. Sai da na girma na gane cewa rabin abin da ke faruwa a gidan yana cikin waƙar nan, wanda ya yi mata ba daidai ba ya ji, kuma ba shi da bakin cewa da shi ake. Habaicin kishiya a bakin turmi, kukan amarya ranar kai ta, waƙar raino da uwa ke zuba damuwarta a kunnen jaririn da bai san komai ba, duk hanya ɗaya ce da ginnawa.

Bambancin da na gani shi ne namu ya fi karkata ga habaici da gugar zana, nasu ya fi karkata ga bayyana rauni da kewa. Sannan a wurinsu waƙa ba sana'ar wani gida ba ce. 'Yar shugaban ƙabila tana yi, ana ma ƙirga shi cikin cikar hankalinta, ba a ce ta zama maroƙiya ba.

Me zamani ya yi wa waɗannan waƙoƙi?

Ya kashe wasu, ya ɗaga wasu. Injin niƙa ya shigo, dutse ya yi shiru, waƙarsa ta bi shi. Da Abu-Lughod ta koma wurin Aulad Ali a shekarun 1980, ta tarar 'yan mata sun fi sauraron rediyo da kallon wasannin Masar, ginnawa kuma ta koma kaset. A kaset ɗin muryar samari ce ake ji, domin mace ba za ta yarda a naɗi muryarta a sayar a kasuwa kowane namiji ya saurara ba. Waƙar da mata suka fi kowa riƙewa sai ta zama hanyar da samari ke kai ƙarar dattawan da suka hana su auren waɗanda suke so.

A ƙasashen Tekun Fasha kuwa Nabaɗi ta sami gata. Usha bint Khalifa as-Suwaidi, wadda aka haifa a Al Ain a 1920 ta rasu a 2018, ta yi musayar baitoci da manyan masu mulki, kuma Shaikh Muhammad bin Rashid na Dubai ne ya laƙaba mata Fatatul Arab, wato ɗiyar Larabawa. Akwai sashe na musamman da aka keɓe mata a gidan tarihin mata na Dubai.

Sai gasar talabijin ta Sha'irul Milyon da Abu Dabi ta fara a 2006. A 2010 Hissa Hilal ta Saudiyya, wadda ta tashi cikin makiyaya ta kuma daɗe tana buga waƙa da sunan aro, Rimiya, ta zama mace ta farko da ta kai zagayen ƙarshe. Ta tsaya cikin niƙabi, idonta kawai ake gani, ta karanta waƙa tana sukar masu fitar da fatawoyin tsanani barkatai. An yi mata barazanar kisa a intanet, ba ta janye ba. Ta zo ta uku, ta sami dirhami miliyan 3. Ita ce kuma ta tattara tsofaffin waƙoƙin da matan ƙabilu suka yi kan saki da khul'i, don ta nuna cewa kakanninta mata suna faɗin ra'ayinsu kan aurensu ba tare da tsoro ba.

Ina murna da wannan, amma ban ɗauke shi a madadin abin da ake rasawa ba. Waƙar dandamali an yi ta ne don miliyoyi su ji, alƙalai su ba da maki. Ginnawa an yi ta ne don mata huɗu ko biyar da suka san ciwon. In waɗannan zaman suka watse, ba kyamarar da za ta maido su.

Me ya sa waƙoƙin mata suka fi na maza ɓacewa?

Saboda marawaita maza ne, majalisa ta maza ce. Waƙar namiji ana karanta ta a zauren baƙi ana zuba gahawa, marawaici ya haddace ta tare da labarin da ya haife ta, ya kai ta wata ƙabila. Ta mace tana ɓangaren tantin da baƙo ba ya shiga. Masu bincike na farko, Turawa da Larabawa, kusan duk maza ne, labule ya tsayar da su. Wasu dangin kuma ba sa son a ji sunan 'yarsu a bakin duniya, sai a ce wata daga ƙabila kaza ta ce, ko a jingina baitin ga ɗan uwanta. Ko Khansa'u da Laila, abin da malamai na zamanin da suka fi adanawa daga gare su shi ne marsiyyar da suka yi wa maza, domin ita ce ake ganin ta dace da bakin mace.

Wanda ba ya jin Larabcin makiyaya, ta ina zai fara?

Ko wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi zai sha wuya da farko, domin lafazi ya sauya: ƙaf ta koma ga, wasulan ƙarshe sun faɗi, ga kalmomin raƙumi da ruwa da iska da babu su a ƙamus na makaranta. Mai Larabcin littafi ya fara da diwanin Khansa'u da baitocin Maisun, ya saba da yanayin, sannan ya nemi babin ƙarshe na Muƙaddima inda waƙar matar Hauran take. Daga nan ya saurari Nabaɗi da kunne kafin ya neme ta a takarda. Karatun Hissa Hilal na gasar 2010 yana YouTube, haka ma masu rera ginnawat al-alam na Libiya da Matruh, ko da yake yawancin muryoyin da zai ji a can na maza ne. Wanda ke Maiduguri ko Njamena ko wani gari na Sudan kuwa yana da hanya mafi kusa: ya sa mahaifiyarsa ko yayarsa ta kai ziyara gidan maƙwabtansu Larabawan Shuwa ranar biki, ta zauna cikin tsofaffin mata, ta dawo ta ba shi labarin abin da ta ji.